Ranar da Kowa Yake da Lodi a Huangpu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Sabi'u a nan Guangzhou. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru, don an sha gaya mini cewa tayar da maganar ba zai dawo da shi ba. Bana ba zan yi shirun ba. 'Yarsa tilo, Nusaiba, ta samu miji a Kano, dangin mijin kuma sun yi abin da kowane gida yake yi kafin ya karɓi yarinya, sun yi bincike a kan ubanta. Binciken nan ne ya tono abin da na ɗauka an binne tare da shi, wato tambayar ko Sabi'u ya mutu yana Musulmi.

Ni ce babbar yayarsa, a bayana ya yi wayo. Na riga shi sanin hanyar Sin, ina saro tukwane da kuloli da farantai ina kaiwa Kano. Shi karatu ne ya kawo shi. Ya gama digirinsa na Larabci a gida, ya samu gurbin koyon Sinanci a wata jami'a da ke unguwar Tianhe, da ya kammala sai ya zauna yana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, daga nan ya zama ejan. Mutum zai sauka a filin jirgin Baiyun bai san ko gaisuwar garin ba, Sabi'u ya tarbe shi, ya kai shi masauki, ya shiga da shi kasuwa, ya yi masa ciniki da lawban, wato mai shago, ya tsaya masa har a rufe kwantena. Aikin nan ba ya tafiya sai da amana, amana kuma a wurin mutanenmu magana ce ta baki: wane ya ce wane mutumin kirki ne, yana sallah. Da wannan maganar Sabi'u ya ci abinci shekara da shekaru.

Aibinsa ɗaya ne, kuma tun yana yaro yake da shi. Ba ya jin suna ya bar shi ya wuce, sai ya tambayi wa ya raɗa, kuma don me. Mahaifiyarmu ta sha korarsa daga gindin murhu saboda tambayar dalilin da ya sa ake kiran unguwa kaza da sunan da ake kiranta. A nan Guangzhou ya haɗu da wani Balaraben Labanan mai sayen fitilu, mutumin ya ce masa sunan garinsu Ba'alabak. Sabi'u ya ce, wane Ba'al ɗin, ko wanda Annabi Ilyasu ya hana mutanensa bauta wa? Mutumin ya ce shi dai haka ya tashi ya ji ana faɗa. Daga ranar ƙanena ya samu abin yi. Ya koyi baƙaƙen Ibrananci, ya ce ashe rabin harshen Larabci ne da ya sauya riga, ya nemo littattafan Bani Isra'ila na dā, ya shiga bin sunayen garuruwansu ɗaya bayan ɗaya.

Ni na fi kowa shan wannan karatu, don a gidansa nake sauka idan na zo. Ina durƙushe ina ɗaure kwalaye, shi yana tsaye a kaina.

"Yaya, ji wannan. Bet-shemesh. Bet shi ne baiti, gida. Shemesh shi ne shamsu, rana. Gidan Rana ke nan, don a dā rana ake bauta wa a wurin."

"To, Allah Ya kyauta. Miƙo mini igiyar can."

"Yariko kuma ana jin daga sunan gunkin wata aka samo shi. Bet-dagon, Dagon gunkin hatsi ne. Anatot ma daga sunan mace yake, Anat, gunkiyar yaƙi, kuma annabi guda ɗan garin ne."

"Sabi'u, duk waɗannan a wace kasuwa ake sayar da su?"

Sai ya yi dariya ya ce ni ba a yi ni don ilimi ba, an yi ni don tukwane. Amma na fahimci abin da yake burge shi, don ya faɗa mini har na haddace. Masu bautar sun mutu, gumakan sun farfashe, annabawa sun zo sun zauna a garuruwan nan, sun yi wa'azi a cikinsu, sun kira sunayensu da bakinsu, bai rage musu imani ba. Yakan ce mu ma Kanawa a gindin Dala muke kwana, inda aka bauta wa Tsumburbura, kuma ba wanda ya ce mu tashi. Shi ƙarin tauhidi yake gani a ciki. Ya ce duk abin da aka taɓa yi wa sujada ban da Allah, ƙarshensa ya koma sunan garin da kwandasta yake kira a tasha.

'Yan kasuwa ma ba su tsira daga bakinsa ba. Yakan tsokane su cewa garin da suke neman arziki a cikinsa, laƙabinsa Birnin Awaki, daga tatsuniyar wasu iskoki da aka ce sun sauko a kan awaki biyar. Idan ya raka mutum Huangpu, inda ake lodin kwantena, sai ya nuna masa tashar jirgin ƙasan da ke kusa da tashar ruwa, ya ce ka san ma'anar sunan nan? Ɗakin bautar gunkin teku. A lokacin dariya suke yi, su ce Malam Sabi'u ba ka da dama. Idan lokacin sallah ya yi suna sito, shi suke turawa gaba, don ya fi su karatu.

Abin ya lalace ne wata Juma'a, a gidan abincin da mutanenmu suke taruwa bayan an sauko daga masallaci. Ana maganar Ƙudus, rai a ɓace kamar yadda yake ɓaci duk lokacin da aka taɓo ta. Ƙanena, wanda bai taɓa sanin lokacin da ake riƙe harshe ba, ya ce tsohon sunan garin, Urushalima, wasu masana suna ganin daga Shalim yake, wani gunkin faɗuwar rana na mutanen dā. Ya ci gaba da cewa wannan bai rage wa garin tsarki da komai ba, hasali ma yana nuna yadda Allah Yake ɗaukar wuri Ya tsarkake shi. Ashe wani yana ɗaukar muryarsa a waya, ya kuma yanke ta kafin nan. Mun riga Kano wayewar gari, don haka kafin a yi Juma'a a can, muryar Sabi'u ta gama zaga kasuwanni.

Daga nan labarin ya yi ta ƙiba. Da farko an ce ya taɓa Ƙudus. Sai aka ce an ga littafin Yahudawa a ɗakinsa, wanda gaskiya ne, a fili yake ajiye shi kusa da sauran littattafansa. Sai aka ce biyansa ake yi. Kafin wata ya ƙare an ce ya bar addini. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne babu mutum ɗaya da ya zaunar da shi ya ce, Sabi'u, me ka faɗa? Mu ba ma yin haka. Suna haɗuwa da shi su miƙa hannu, su ce Malam ya aiki, ya iyali. Sai dai idan sun sauka a Baiyun wani ejan ne yake tarbarsu, idan kuma an tayar da sallah a sito sai ka ga wani ya yi wuf ya shige gaba kafin ya gama alwala.

Na ce masa ya yi wata muryar ya ba da haƙuri, ya ce shaiɗan ne, a wuce wurin. Ya ce, "Yaya, me zan janye? In ce ban karanta abin da na karanta ba?" Ya dai yi dogon bayani ya tura, da ayoyi da komai. Bayanin ya yi tsawo, kuma babu daɗin baki a cikinsa, don haka ba wanda ya tura wa wani. Aiki ya tsaya. Ya mayar da matarsa da Nusaiba Kano, ya koma ƙaramin ɗaki, yana yi wa 'yan Gana da 'yan Mali tafinta jefi-jefi. Hawan jini ya kama shi. Sama da shekara ya yi a haka, bai fasa zuwa Juma'a ba, sai dai ya daina shiga gidan abincin nan.

Ina garin ranar da ya faɗi a kasuwa da hantsi. Washegari kafin azahar ya cika a asibiti, hannunsa a cikin nawa. Bakinsa ya karkace, amma na ji kalmar shahada ta fita, na kuma ga ya ɗaga yatsansa. Wannan shaida ba ta yi masa amfani a wurin mutane ba, domin ni yayarsa ce, kuma mace.

Wanda bai san ƙasar nan ba ya kamata ya san cewa ƙona gawa ake yi, Musulmi ne aka ɗaga wa ƙafa suke binne nasu. Don haka muke da al'ada a tsakaninmu. Idan namu ya rasu, ana sanarwa, maza su bar abin da suke yi, su zo su yi wanka, su yi sutura, su yi sallah, su raka shi. Na ga an yi wa mutanen da ba a ma san sunan ubansu ba. Ni ba zan wanke namiji ba, ba zan ɗauki makara ba, ba zan tsaya a sahu ba. Abin da nake da shi waya ce, sai na zauna a bakin asibiti na shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya, ina tsoron inda gawar ƙanena za ta ƙare idan ba a samu masu karɓarta ba.

Ko mutum ɗaya bai ce ba zai zo ba. Kowa sai ya yi salati, ya yi addu'a mai kyau, sannan ya ce, "Wallahi Hajiya yau nake da lodi a Huangpu. Kin san aikin, in ba ka tsaya a kan kayanka ba sai a saka maka na wani. In na gama da wuri ina tafe." Gaskiya ne ɗan kasuwa ba ya barin ranar lodinsa, ni ma ba na bari. Amma na daɗe a wannan sana'a, ban taɓa ganin ranar da duk Kanawan Guangzhou suka yi lodi tare ba sai ranar da Sabi'u ya mutu.

Alhaji Mamuda, wanda shi ne babba a cikinsu a lokacin, kuma Sabi'u ne ya fara ɗauko shi daga filin jirgi yana zare ido, shi kaɗai ya kusa faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, abin da ɗan nauyi. Mu ma muna da shaguna a gida, mutane suna kallo." Na ce na gode, Alhaji. Ban ƙara ce masa komai ba, kuma har yau ban ƙara ba.

Wanda ya zo shi ne Isufu, wani ɗan Damagaram mai sayen kayan babur, wanda ban ma kira ba, ji ya yi. Ya iso da 'yan Mali biyu da wani Bahaushen Kumasi. Ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mu tahi wurin limamin 'yan ƙasa, ba a barin Musulmi haka." Limamin, wani dattijon Basine mai farin gemu, tambaya ɗaya ya yi: kun gan shi yana sallah? Isufu ya ce shekara nawa muna sahu guda da shi. Suka yi masa wanka, suka yi masa sutura. Musulmin ƙasar ne suka cika sahun, mutanen da ba su taɓa jin muryarsa ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa har suka ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina abin da Sabi'u zai ce da zai ga yau. Gidan abincin nan ya rufe. Rabin masu zuwa Guangzhou sun daina zuwa, daga Kano suke zaɓar kaya a waya. Ɗaliban da ke Tianhe yanzu suna muhawara a kan irin abubuwan da yake faɗa, ko a jikinsu. Kwanan baya wata ƙawata ta turo mini karatun wani matashin malami a kan tarihin Ƙudus, yana ta zayyano tsofaffin sunayen garin da na mutanen da suka bauta wa gumaka a ƙasar kafin annabawa, jama'a suna ta sa masa albarka. Na san ƙanena, da dariya zai yi, ya ce yaron ya yi kuskure a wuri kaza, a samo masa lambarsa. Shi ba ya riƙo. Ni nake riƙe masa, kuma ban ga ranar da zan sauke ba.

Yaron da yake neman Nusaiba, Kabiru, ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Baffansa ne aka ɗora wa binciken, ya yi abin da kowa zai yi, ya tafi wurin waɗanda suka zauna da marigayin. Aka nuna masa Alhaji Mamuda, wanda yanzu ya koma gida da babban shago da carbi a hannu. Amsar da ya ba shi ta zo kunnena kalma da kalma, don baffan da kansa ya maimaita mini. Alhajin ya ce, "Mu dai ba ma zagin mamaci. Abin da muka sani shi ne, babu ɗan Kano ko ɗaya da ya sallace shi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ba ƙarya a cikinta. Su ne suka ƙi zuwa, yanzu kuma rashin zuwan nasu shi ne hujjar da suke kafawa da ita a kansa. Da sun ce mun ji tsoron bakin mutane, da na ce 'yan Adam ne. Amma sun ɗauki abin kunyarsu sun rataya wa wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba, sun kuma bar wa 'yarsa gado.

Da Isufu ya ji, ya hau mota daga Damagaram ya zo Kano don ya ba da shaida. Dangin Kabiru sun karrama shi, sun ba shi ruwa da abinci, sun saurare shi har ya gama. Sannan baffan ya ce, "Malam, ba mu ƙi taka ba. Amma 'yan garinsu fa, me ya hana su?" Isufu ya yi musu sallama ya koma Damagaram.

Daga ƙarshe suka kawo abin da suka kira maslaha. Za a yi auren, tunda yarinya ba ta da laifi. Amma ba za a sa sunan Sabi'u a katin gayyata ba, ba kuma za a ambace shi a wurin ɗaurin aure ba. Tunda kawunta Abdullahi, yayan mahaifiyarta, shi ya riƙe ta tun rasuwar, sai a kira ta da sunansa, don gudun surutu. Masu kishin addinin nan ba su ga komai ba a jingina 'ya ga wanda ba shi ya haife ta ba, alhali ko ni mai tukwane na san hukuncin hakan. Na ce ban yarda ba, na ce a fasa auren, na faɗi maganganun da har yanzu wasu ba sa gaishe ni saboda su.

Nusaiba ce ta same ni a ɗaki ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce, "Gwaggo, ni ma ina son Babana. Amma tun ina sakandare ake nuna ni da baki. Wannan ne na farko da bai gudu ba. Na gaji." Na duba fuskarta, har goshin nasa ne. Na ce ta je Allah Ya sanya alheri. Ban ga laifinta ba a ranar, yanzu ma ban gani ba. Abin da na kasa shi ne in zauna a cikin gida in ji an kira ta da sunan wani ta lasifika, don haka na shirya na taho Guangzhou ana saura kwanaki biki.

Idan na auna abin da ya rage na Sabi'u, ba shi da yawa. Akwai manyan shaguna a Kano da ƙafarsa ta kafa, masu su ba za su faɗa ba. Akwai Isufu da ba ya wuce shekara bai kira ni ba. Akwai ni. Gumakan da ya yi ta bin sawunsu, duwatsu da itatuwan da ba su taɓa amfanar kowa ba, sun yi dubban shekaru sunayensu suna manne da garuruwa, ba wanda ya iya kankare su. Shi da ya yi wa Allah sujada har ranar da ya faɗi, shekara bakwai ta isa a cire sunansa daga kan 'yar da ya haifa. Na yarda sakayya tana wurin Allah, amma ba zan yi ƙaryar cewa zuciyata ta huce ba.

Ranar Asabar aka ɗaura auren. Ranar Lahadi da safe Isufu, wanda shi ma ya shigo sayen kaya, ya raka ni maƙabartar. A nan ba a hana mata shiga. Musulmin ƙasar suna kafa dutse a kan kabari, sun kuma kafa masa, da sunansa da na mahaifinmu, da Larabci a sama da rubutunsu a ƙasa. Na share ganyen da ya zuba a kai, na durƙusa na yi masa sallama. Na ce, Sabi'u, Nusaiba ta yi aure jiya. Yaron mai hankali ne, yana sonta, an yi taro lafiya an tashi lafiya.

Sauran ban gaya masa ba.